Abin da masu tara agogo ke gani a agogo mai kusurwa huɗu

Kusan duk abin da ke cikin agogo zagayayye ne. Hannun awa da na minti da'ira suke bi dare da rana. Sifirin da ke ajiye ƙarfi a nannaɗe yake cikin ɗan gwangwani zagayayye, faya-fayen nan masu haƙora da ke miƙa wa juna motsi zagayayyu ne, haka ita ma ƙafar da ke kai-komo tana ƙirga daƙiƙa. Hatta zoben robar da ke hana ruwa shiga ya fi kamawa idan babu lungu a jikinsa. Shi ya sa in ka tsaya gaban kantin agogo, ko a ina yake a duniya, za ka ga zagayayyu sun cika wuri, masu kusurwa huɗu kuwa 'yan ƙalilan ne a gefe guda.

Amma ka zauna da wanda ya daɗe yana tara agoguna, ya saya ya sayar, ya ci riba ya sha faɗuwa, ka ce ya nuna maka wanda ba zai iya rabuwa da shi ba. Sau da yawa ɗan siririn nan mai kusurwa huɗu zai ɗauko, mai maɗaurin fata, wanda ba a wanka da shi, ba ya haske cikin duhu, wani ma ko hannun daƙiƙa ba shi da shi. A watan Yunin 2017 gidan gwanjo na Christie's ya fito da wani ƙaramin Cartier Tank na zinariya, mallakar Jacqueline Kennedy, matar tsohon shugaban Amurka John F. Kennedy, wanda mijin ƙanwarta Stanislaw Radziwill ya ba ta kyauta a 1963. An yi hasashen ba zai wuce dala 120,000 ba, sai ga shi ya tashi a kan dala 379,500. Sunan mai shi ya ƙara masa daraja, wannan babu musu. Sai dai siffar tasa ce ta sa ko daga nesa aka hango shi a hoto an san ko wane agogo ne.

Ni a ganina, abin da masu tara agogo ke biya a nan wahala ce da maƙeri ya zaɓa da gangan. Mai ƙera zagayayyen agogo yana bin hanyar da inji ya riga ya share masa. Mai ƙera na kusurwa huɗu kuwa sai ya yi ta yanke shawara: tsawo nawa, faɗi nawa, ina za a sa lambobi, yaya inji zai zauna, ta ina za a toshe ƙura. In ya dace, ido zai gani nan take. In ya kuskure ko da milimita ɗaya ce, nan ma ido zai gani, don kusurwa ba ta rufa wa kowa asiri.

Sai an koma farkon ƙarni na 20 kafin a fahimci yadda abin ya samo asali. A lokacin, agogon namiji a aljihu yake zama, an ɗaure shi da sarƙa. Na hannu kuwa kayan adon mata ake ɗaukarsa. Da buƙata ta taso, musamman ga sojoji a Yaƙin Duniya na Ɗaya, abin da aka yi ta yi shi ne a ɗauki ƙaramin agogon aljihu, a liƙa masa 'yan kunnuwa na waya sama da ƙasa, a zura fata. Yana aiki, amma kana gani ka san aro aka yi: da'ira ce aka ɗora a kan maɗauri, ba su haɗa komai ba sai waya.

Louis Cartier, na gidan kayan ado na Cartier da ke Paris, ya kalli matsalar ta wata fuska. A 1904 ya yi wa abokinsa Alberto Santos-Dumont, ɗan ƙasar Barazil mai tuƙa jiragen sama a Paris, agogon da zai iya dubawa hannunsa na kan abin tuƙi. Kusurwa huɗu ya yi masa, kunnuwan kuma daga jikin kwanson suka fito, ba liƙe ba ne. An fara sayar wa jama'a da shi a 1911, har gobe kuma Santos ake kiransa. A 1917 sai ya zana Tank, wanda aka danganta siffarsa da tankokin yaƙi na Renault idan an kalle su daga sama. Ya shiga kasuwa a 1919, guda shida kacal aka ƙera a shekarar.

Dabarar Tank tana cikin sandunan ƙarfe biyu da ke gefen fuskarsa, dama da hagu. Su ne bangon kwanson, su ne kuma suke zarcewa sama da ƙasa su riƙe maɗaurin. Wato babu inda za ka nuna ka ce nan agogo ya ƙare, nan fata ta fara. Maɗauri dama doguwar tsiri ce mai gefe biyu a jere, sai agogon ya zama tamkar ci gabanta. Wannan shi ne abin da masu tara agogo ke nufi idan suka ce mai kusurwa huɗu ne ɗan halak na tsintsiyar hannu, zagayayye kuwa daga aljihu ya yi ƙaura ya zo. Maganar tana da ɗan zuzutawa, amma akwai gaskiya a cikinta, kuma duk wanda ya ɗaura guda biyun ya kwatanta zai ji bambancin yadda suke kwanciya.

Daga nan sai zamani ya taimaka. Salon zane da gini da aka yi wa laƙabi da Art Deco, wanda ya samo sunansa daga babban baje kolin da aka yi a Paris a 1925, miƙaƙƙen layi yake so da kusurwa mai kaifi. Dogayen benaye, jiragen ƙasa, kujeru, kwalaben turare, komai ya miƙe. Agogo ma ya bi sahu. Cartier kaɗai ya fitar da Tank Cintrée a 1921, dogo mai lanƙwasa da ke bin hannu, da Tank Louis Cartier a 1922, da Tank à Guichets a 1928 wanda ba shi da hannaye sam, sai 'yan tagogi biyu da lambobi ke leƙowa, da Tank Asymétrique a 1936 wanda aka karkatar da shi gefe. Shekarun 1920 da 1930 su ne lokacin da mai kusurwa huɗu ya yi tashe, kuma yawancin abin da ake rububi yau ko daga can ya fito, ko kwaikwayon na can ne.

Wanda labarinsa ya fi daɗin ji shi ne Reverso na kamfanin Jaeger-LeCoultre. Wani ɗan kasuwa daga Suwizalan mai suna César de Trey ya je Indiya wajen 1930, ya tarar hafsoshin sojan Ingila masu wasan ƙwallon dawaki suna kukan gilashin agogonsu na fashewa a fili. Da ya dawo ya kai maganar ga Jacques-David LeCoultre, shugaban masana'antar agogo ta LeCoultre, aka sa injiniya René-Alfred Chauvot ya zana mafita, aka yi rajistar ƙirar a Paris ranar 4 ga Maris, 1931. Mafitar ita ce agogon ya iya juya wa duniya baya.

Sai ka riƙe shi kafin ka gane abin da ake faɗa. Za ka sa babban yatsa a gefen kwanson ka tura, sai ka ji ya saki da ɗan ƙas. Ya zame a kan wata 'yar hanya da ke cikin faifan da ke ɗauke da shi, ya kai ƙarshe, ka kifa shi, ka mai da shi baya, ya sake cewa ƙas ya kulle. Gilashi ya koma ciki, ƙarfe zalla ne ke kallon waje. Duk wannan bai fi daƙiƙa biyu ba, kuma ba sai ka kwance shi daga hannu ba. Na ga manyan mutane masu furfura suna ta juya shi suna maimaitawa a tsakiyar hira ba su ma san suna yi ba. Irin wannan zamiya miƙaƙƙen gefe take buƙata, saboda haka a Reverso aiki ne ya haifi siffa. Kwanson na yanzu kaɗai, ban da inji, ya ƙunshi sassa fiye da 50.

Akwai wani ɗan bayani da masu tarawa ke ji da shi: Reverso na farko-farko ba injin LeCoultre ne a cikinsu ba. Kamfanin ba shi da inji mai siffar da za ta shiga kwanson a lokacin, sai aka yi amfani da na kamfanin Tavannes kafin nasu ya kammala a 1933. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa sama wa kusurwa huɗu injin da ya dace da ita ba ƙaramin aiki ba ne, ko ga gwanaye.

Bayan agogon kuma, da aka yi don kare gilashi, sai ya zama allo. Mutane suka riƙa sa a zana musu haruffan suna, tambarin gida, kwanan wata, ko hoton da ake yi da fentin gilashi a gasa a wuta. A 1994 kamfanin ya sa fuska ta biyu a bayan, inji ɗaya na tafiyar da lokacin ƙasashe biyu. A 2021 suka yi mai fuska huɗu, guda 10 kawai.

To in haka ne, me ya sa zagayayye ya ci kasuwa? Ruwa da kasala, in an taƙaita. A 1926 Rolex ya fito da Oyster, wanda murfin bayansa da zoben gabansa da kan murɗawarsa duk ɗaure su ake yi kamar murfin kwalba. Abin da ake murɗawa ya ɗauru kuwa dole ya zama zagayayye. A 1931 suka ƙara da nauyin nan mai juyawa da motsin hannu yana ɗaure sifirin da kansa, shi ma fili zagayayye yake nema ya wala. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu mutane suka koma son agogon da za su yi iyo da shi, su yi aiki da shi, su manta da shi a hannu. Submariner, agogon nutso na Rolex, ya zo a 1953, sauran kamfanoni suka bi. A wajen ƙera ma zagayayye ya fi sauƙi: a ɗaura ƙarfe a inji mai juyawa a fere shi, a goge shi yana juyawa. Mai kusurwa kuwa sai an buga shi a ma'auni sau da yawa, an sassaƙe kowane gefe daban, an goge kowace fuska daban ba tare da an cinye kaifin da ke tsakaninsu ba. Robar da ke tare ruwa a lungu take fara gazawa, domin matsi ba ya rabuwa daidai. Har yau yawancin Tank da Reverso mita 30 aka rubuta musu, wanda a aikace ma'anarsa wanke hannu da yayyafi, ban da iyo.

An yi ƙoƙarin karya wannan ƙa'ida. Omega ya yi Marine a 1932, mai kusurwa huɗu da ake zurawa cikin wani kwanson na biyu a kulle, don masu nutso. Heuer ya fito da Monaco a 1969, murabba'i mai hana ruwa shiga. Amma waɗannan tsiraru ne. Reverso kansa ya kusa ɓacewa, sai a 1972 wani dillali ɗan Italiya, Giorgio Corvo, ya ziyarci masana'antar, ya tarar da ragowar kwanso 200 a ajiye, ya sa aka zuba musu inji ya kai Italiya, suka ƙare. Wannan ne ya tuna wa kamfanin abin da yake da shi a hannu.

Yanzu bari mu shiga ciki, don nan ne ainihin inda masu tarawa ke rabuwa da masu saye don ado.

Wata rana na zauna kusa da wani mai gyaran agogo yana buɗe guda biyu, dukansu masu kusurwa huɗu, dukansu kyawawa a waje. Da ya ɗaga murfin na farko, sai ga ɗan ƙaramin inji zagayayye a tsakiya, kamar kwabo a cikin akwatin ashana, an kewaye shi da farin zoben roba don kada ya yi ta kaɗawa. Sama da ƙasa fili ne fayau. Na biyun da ya buɗe, injin ya cika kwanson daga bango zuwa bango, gadojinsa sun bi siffar gidan, gwangwanin sifirin a can sama, ƙafar daƙiƙa a can ƙasa tana bugawa, faya-fayen sun jeru a tsakani kamar an auna da zare. Bai ce komai ba, ya dai tura min gilashin dubawa. Tun daga ranar ban ƙara kallon mai kusurwa huɗu ba tare da na tambayi abin da ke cikinsa ba.

Wannan inji da aka ƙera shi a kan siffar kwansonsa shi ne abin da ake nema. Dalilin ba na ƙawa ba ne kaɗai. Idan kwanso faɗinsa milimita 25 ne, zagayayyen injin da zai shiga ba zai wuce faɗin nan ba, duk tsawon da ya rage asara ne. In kuwa aka shimfiɗa injin a tsaye, sai a samu wurin sa babban sifiri a gefe ɗaya da babbar ƙafar daƙiƙa a ɗaya gefen, agogo ya daɗe bai tsaya ba, ya kuma fi riƙe lokaci. Haka Rolex Prince na 1928 yake, da injin da masana'antar Aegler ta ƙera. Fuskarsa ma biyu aka raba ta, awa da minti a sama, daƙiƙa a ƙasa da da'irarta babba, har aka riƙa ce masa agogon likita don sauƙin ƙirga bugun jini da shi. Mutane da yawa da suka san Rolex da manyan agogunan ƙarfe ba su san ya taɓa yin irin wannan ba, kuma a wurina yana cikin mafi kyawun abin da kamfanin ya taɓa fitarwa.

Wasu sun wuce nan. Tun da hannu ba shimfiɗaɗɗe ba ne, dogon agogo sai ya lanƙwasa kafin ya kwanta. Movado ya yi Polyplan a 1912, injinsa hawa uku, tsakiya a miƙe, kai da ƙafa sun sunkuya. Gruen na Amurka ya fito da Curvex a 1935, injin kansa a lanƙwashe. Jaeger-LeCoultre kuma yana da inji mai lamba 101 tun 1929, tsawonsa milimita 14, faɗinsa 4.8, nauyinsa kusan giram ɗaya, siriri kamar tsinken ashana. Shi ne a hannun Sarauniya Elizabeth ta Biyu ranar da aka naɗa ta a 1953. A zamanin nan ma akwai masu riƙe da wannan al'ada ta sana'a: A. Lange & Söhne na Jamus da Cabaret ɗinsa na 1997, da Patek Philippe da ya yi lamba 5100 a shekarar 2000, mai gwangwanin sifiri biyu, wanda in an murɗa shi ya cika sai ya yi kwana 10 yana tafiya. Irin wannan inji ba a iya ɗaukarsa a sa a wani agogon daban, don haka kuɗin ƙirƙirarsa a kan 'yan tsirarun agoguna yake faɗawa. Tsadar ke nan, ƙarancin ke nan.

Fuska ma da tata rigimar. A da'ira, nisan kowace lamba daga tsakiya ɗaya ne. A dogon kusurwa huɗu kuwa 12 da 6 suna can nesa, 3 da 9 suna nan kusa, 1 da 5 da 7 da 11 sun nufi lungu. Hannun minti dole ya gajarta yadda zai wuce ta 3 bai taɓa bango ba, in ya zo 12 kuma sai ya kasa kaiwa. Kowane gida da yadda ya warware wannan. Cartier ya zana 'yar hanyar minti mai kama da layin dogo a tsakiyar fuskar inda hannu zai iya kaiwa, sa'an nan ya bar lambobin Rumawa a waje suna miƙewa suna karkata, na lungu su yi tsawo, na gefe su takure. Ka dubi Tank Cintrée da kyau, za ka ga babu lambobi biyu masu girma ɗaya, amma ido bai jin an yi masa ba daidai ba. Ƙarfe huɗu IIII ake rubuta shi maimakon IV, don ya yi nauyi ɗaya da VIII da ke ɗaya ɓangaren. A yawancin na baya-bayan nan, in ka sa gilashin dubawa a kan VII ko X, za ka ga ɗaya daga cikin sandunan lambar sunan kamfanin ne aka rubuta da ƙananan haruffa. Ga hannaye na ƙarfen da aka gasa har ya koma shuɗi, ga ɗan shuɗin dutse a kan abin murɗawa. Waɗannan ƙananan abubuwa su ne ake zama a yi ta muhawara a kansu har dare ya raba.

Girma kuma yaudara gare shi. Samfurin Tank na yau da Cartier ke kira babba milimita 33.7 ne a tsaye, 25.5 a kwance. A takarda ƙarami ne ƙwarai in an gwada da zagayayye mai milimita 40, filin da ya ci ma kusan kashi biyu cikin uku ne na wancan. Amma daga lungu zuwa lungu ya haura milimita 42, kuma ido wannan layin yake bi. Shi ya sa wanda ya saba da manyan agoguna yakan yi kuskuren sayen mai kusurwa huɗu da ya fi ƙarfin hannunsa, ya zo yana leƙe ta gefe biyu kamar katako. A wannan siffa ƙarami ya fi zama daidai, kuma ba a sayensa da lamba sai an ɗaura.

Wannan ƙanƙanta ce ta sa bai san namiji ko mace ba. Muhammad Ali, da duk girman damtsensa, ya ɗaura Tank. Gimbiya Diana ta ɗaura. Mai zane Andy Warhol ya ɗaura, an kuma san shi da rashin damuwa da ya murɗa shi ya yi aiki. Agogo ƙalilan ne za su zauna a waɗannan hannaye uku ba a ce an yi aro ba.

Game da kasuwa, abin da ya faru a 'yan shekarun nan ba shi da wuyar fahimta. Daga 2020 zuwa farkon 2022 farashin agogunan ƙarfe na wasanni, irin su Daytona na Rolex da Nautilus na Patek Philippe da Royal Oak na Audemars Piguet, ya yi tashin gwauron zabi a hannun 'yan sari. A Disambar 2021 an sayar da Nautilus mai fuska shuɗiya irin launin kamfanin kayan ado na Tiffany a gwanjon sadaka na gidan gwanjo na Phillips a kan dala miliyan 6.5, alhali farashinsa na kanti bai kai dala 53,000 ba. Daga tsakiyar 2022 farashi ya fara sauka. Waɗanda suka shigo don riba suka watse, waɗanda suka rage kuma da yawansu sun gaji da ganin agogo iri ɗaya a hannun kowa. Sai ido ya koma kan ƙanana, sirara, na zinariya, masu siffa. A Mayun 2022 wani Cartier Crash na 1967, mai siffa a murguɗe kamar ya narke, ya tashi a kan kimanin dala miliyan 1.5. Ba kusurwa huɗu ba ne, amma ya nuna inda zukata suka karkata. Rahoton shekara-shekara na bankin Morgan Stanley kan agogunan Suwizalan ma yanzu Cartier yake sa wa a matsayi na biyu bayan Rolex, ya sha gaban Omega.

Ina kuma zargin Apple Watch, da ya fito a 2015, ya taimaka ba da niyya ba. Miliyoyin matasa sun saba ganin kusurwa huɗu a hannunsu, don haka ranar da suka nemi agogo mai inji siffar ba baƙuwa ba ce a wurinsu.

Sai dai suna ɗaya ba ya nufin daraja ɗaya, kuma nan sabon shiga ke yawan faɗawa rami. Tank kala-kala ne. Akwai na Paris na shekarun 1920 masu injin da Edmond Jaeger da LeCoultre suka samar. Akwai na reshen Landan na shekarun 1960 zuwa farkon 1970, zamanin Jean-Jacques Cartier, waɗanda da hannu aka yi su 'yan kaɗan, su ne kuma ake kokawa a kansu a gwanjo. Akwai jerin Collection Privée na 1998 zuwa 2008, da aka dawo da tsofaffin siffofi da injuna masu kyau. Sa'an nan akwai Must de Cartier na 1977, wanda aka yi lokacin da agogon batir na Japan ya durƙusar da masana'antar Suwizalan, ma'aikatanta suka ragu daga kimanin 90,000 zuwa kusan 30,000. Must azurfa ce aka shafa wa ruwan zinariya, an yi shi da yawan gaske, da yawa daga cikinsu na batir ne. Agogo ne mai kyau, ya kuma buɗe wa mutane da dama ƙofa, ba na raina shi ko kaɗan. Amma wanda ya saye shi yana zaton zai bi sahun na Landan a farashi ya sayi abin da babu. Mafi yawan masu kusurwa huɗu, har da na manyan gidaje, in ka fita da su daga kanti ƙasa suke yi, ba sama ba.

Abin da ya fi ba ni takaici a tsofaffin shi ne guga. Zinariya laushi gare ta, kuma duk lokacin da aka kai agogo gyara akan so a mai da shi yana ƙyalli. Kowace guga tana cin ƙarfe. Zagayayyen agogo yana iya shan guga uku ko huɗu bai nuna sosai ba. Mai kusurwa huɗu kuwa kaifinsa ne dukiyarsa. Guga ɗaya ta ganganci ta isa ta mai da sandunan Tank kamar sabulun da aka daɗe ana wanka da shi, ta shafe layuka ukun nan da ke sama da ƙasan fuskar Reverso har su zama inuwa. Abin da ya tafi kuma ya tafi. Shi ya sa za ka ga gogaggen mai tarawa ya ƙyale mai ƙyalli ya ɗauki wanda duk jikinsa ƙarce ne, har ya biya fiye.

In tsoho ya zo hannunka, kafin ka kalli suna, bi gefensa da farce ka ji ko kaifin na nan. Juya shi ka nemi hatimin zinariya da lambobin da aka buga a baya: in sun yi zurfi, ana karanta su sarai, bai sha guga ba, in sun dushe kamar tsohon kwabo, ya sha. Dubi fuskar da gilashi ka ga ko layin minti ya shiga lungu daidai, don mai sake fenti a lungu hannunsa ke rawa. Duba gilashin ma, musamman in mai lanƙwasa ne, domin in ya fashe ba a samun madadinsa a shirye, sai an yanka wani musamman, ƙura da danshi kuma ta nan suke fara shiga. Maɗaurin wasunsu ma faɗinsa ba irin na gama-gari ba ne, sai an ɗinka. Bayan duk wannan sai ka roƙi mai shi ya buɗe maka murfin baya.